Diori Hamani (1916–1989): Yuraniyom, Ruwan Kwara da Layin Wutar Birnin Kebbi

Gabatarwa

A farkon watan Agusta na shekarar 2023 aka katse wutar lantarkin da ke tashi daga babbar tashar Birnin Kebbi zuwa Yamai. Layin lafiya lau yake, injinan Kainji kuma suna juyawa. Abin da ya faru shi ne sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja ranar 30 ga watan suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, katse wuta kuwa yana cikin abin da takunkumin ya ƙunsa. A lokacin, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa daga Nijeriya take zuwa. Sai a watan Maris na 2024 aka mayar da ita, bayan an janye takunkumin.

An tattauna wannan al'amari ƙwarai a jaridu da gidajen rediyo, amma kaɗan ne suka waiwayi yadda aka yi tun farko babban birnin wata ƙasa ya dogara da wutar da makunninta yake hannun maƙwabciya. Amsar tana cikin rayuwar Alhaji Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, wanda Hausawa suka fi kira Jori. A zamaninsa aka fara haƙar yuraniyom a Arlit, a zamaninsa kuma aka ƙulla yarjejeniyar jawo wutar Kainji ta Birnin Kebbi. Wannan maƙala ta bi rayuwarsa ta wannan fuska, domin a ga yadda siyasar manyan ƙasashe da ta maƙwabta ta yanke wa Nijar farashin makamashin da take sayarwa da kuma sharaɗin wanda take saye.

Ɗan Sudure, malamin Hausa

An haifi Diori ranar 6 ga Yuni, 1916 a Sudure, wani ƙauye da ke gaɓar Kwara kusa da Yamai. Bazabarme ne, mahaifinsa kuma ma'aikacin lafiya ne a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka ta Faransa. Zamansa ɗan ma'aikaci ya buɗe masa ƙofar boko a lokacin da 'yan makaranta a duk faɗin Nijar ba su taka kara sun karya ba. Karatu ya kai shi har makarantar horon malamai ta William Ponty a Sanigal, wadda ta yaye akasarin waɗanda suka shugabanci ƙasashen rainon Faransa a Afirka ta Yamma. Daga 1936 ya koyar a Yamai da Maraɗi, a 1938 kuma aka kai shi Faris a matsayin mataimakin malamin Hausa da Zabarmanci a makarantar da ke horar da jami'an mulkin mallaka.

Wannan gaɓa ta cancanci manazarta Hausa su ɗan tsaya a kanta. Mun saba lissafa Turawan da suka rubuta nahawu da ƙamus, mu tsallake 'yan ƙasar da suka zauna a aji suna gyara wa ɗalibansu karin sauti da tsawon wasali. Diori yana cikin waɗannan. Bugu da ƙari, a ƙarƙashin gwamnatinsa aka kafa cibiyar tattara adabin baka a Yamai a 1968, wadda daga baya ta zama CELHTO, da ƙoƙarin amininsa Boubou Hama. Hausar da ya koyar a Faris ita ce kuma ta yi masa rana bayan shekara talatin, lokacin da hulɗa da shugabannin Nijeriya ta zama masa tilas.

A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen babbar ƙungiyar RDA ta Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa. A shekarar aka zaɓe shi wakilin Nijar a Majalisar Dokokin Faransa. Ya faɗi zaɓe a 1951, ya dawo a 1956, har ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugaban majalisar. Babban abokin hamayyarsa ɗan garinsu ne kuma ɗan'uwansa, wato Jibo Bakari, jagoran Sawaba, jam'iyyar da ta yi ƙarfi a tsakanin 'yan ƙwadago da direbobi da ƙananan 'yan kasuwa, take kuma ɗasawa da NEPU ta Malam Aminu Kano. A 1957 Jibo ne ya kafa gwamnatin cikin gida ta farko, Diori yana gefe.

Ƙuri'ar 1958 da abin da ke ƙarƙashin rairayi

Abin da ya ɗaga Diori bisa Jibo shi ne ƙuri'ar raba-gardama ta ranar 28 ga Satumba, 1958, wadda Janar Digol ya shirya domin kowace ƙasa ta zaɓi zama cikin tarayya da Faransa ko 'yanci nan take. Jibo ya nemi a ƙi, Diori ya nemi a amince. Faransa ta ƙyale Gini ta tafi, amma ba ta ga yadda za ta saki Nijar ba. Yaƙin Aljeriya yana ci a kan iyakar arewa. An gano man fetur a Hassi Messaoud da iskar gas a Hassi R'Mel a 1956. Ana shirya filin gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane, inda aka yi gwajin farko a watan Fabrairu na 1960. A cikin Nijar kanta, masu binciken ma'adinai sun ga alamun yuraniyom a Azelik a 1957. Ga kuma fargabar kada Nijar mai 'yanci a hannun Sawaba ta karkata ga Nijeriya, tun da rabin jama'arta Hausawa ne. Aka turo sabon gwamna, Don-Jean Colombani, aka juya sarakuna, aka matsa wa 'yan Sawaba. Sakamakon da aka bayyana ya ba masu amincewa kusan kashi 78 cikin ɗari, ko da yake waɗanda suka fito ba su kai rabin masu rajista ba. Littafin Klaas van Walraven na 2013 a kan tarihin Sawaba ya bi diddigin yadda aka tafiyar da wannan zaɓe. A watan Disamba Diori ya zama shugaban gwamnati, a 1959 aka haramta Sawaba, ranar 3 ga Agusta, 1960 Nijar ta samu 'yancin kai.

Ke nan tun hawansa mulki akwai hannun lissafin makamashi na wata ƙasa. An rubuta wannan lissafi a takarda ranar 24 ga Afrilu, 1961, a yarjejeniyar tsaro da Faransa ta ƙulla da Nijar da Kwaddibuwa da Dahome. Rataye da ita akwai sashen da ya lissafa albarkatun da ake ɗauka na tsaro, har da man fetur da yuraniyom, ya kuma ba Faransa fifiko wajen sayensu. Faransa za ta tsare gwamnati, gwamnati kuma ta tsare mata ma'adinai.

Bai kamata a yi wa mulkinsa kwalliya ba. Jam'iyya ɗaya ce ta yi ta juya ƙasa shekara goma sha biyar. Da mayaƙan Sawaba suka kutso daga maƙwabta a ƙarshen 1964, an murƙushe su da tsanani, an harbe wasu a bainar jama'a. A watan Afrilu na 1965 aka jefa masa gurneti a filin idin Babbar Salla a Yamai, ya tsira, kame-kame suka ƙaru. Zaɓukan 1965 da 1970 shi kaɗai ya tsaya. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ce ke ɗauke da baitulmali, alhali muƙaman ƙoli sun fi taruwa a hannun 'yan yamma, kuma mutanen gabas ba su manta da wannan ba.

Maƙogwaro biyu

Wutar da Yamai take sha a shekarun farko na 'yanci daga injinan dizal take fitowa. Man kuwa sai jirgin ruwa ya sauke shi a Kwatano, jirgin ƙasa ya kai shi Faraku, manyan motoci su ɗauka su ƙetare Kwara tsakanin Malanbil da Gaya, tafiyar kilomita dubu da 'yan kai daga bakin teku. Gabashin ƙasar kuma ta Kano yake numfashi, ta nan gyaɗa ke bin jirgin ƙasa zuwa Ikko, ta nan kaya ke shigowa. Ƙasa marar teku da maƙogwaro biyu, kowanne a hannun wani.

Ba a daɗe ba aka shaƙe ɗaya. A ƙarshen 1963 rikici ya tashi tsakanin Nijar da Dahome a kan tsibirin Lete da ke tsakiyar Kwara. Gwamnatin Diori ta kori ma'aikata 'yan Dahome, ita kuma Dahome ta rufe iyaka ta tsare kayan Nijar a tasha. An sasanta daga baya, amma darasin ya zauna. Abin lura shi ne a daidai wannan lokaci Diori ya mayar da Yamai wurin zaman shawara a kan kogin. A watan Oktoba na 1963 ƙasashen da Kwara da rassanta suka ratsa suka sa hannu a kan yarjejeniyar Yamai, a watan Nuwamba na 1964 kuma aka kafa Hukumar Kogin Kwara da hedikwata a birnin. Ita ce aka sake wa fasali a 1980. Shugaban da ba shi da soja mai yawa ko kuɗi ya gane cewa kogin da ya ratsa ƙofar gidansa kadara ce.

Ruwa biyu na Kainji

A 1964 Nijeriya ta fara gina madatsar Kainji da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashen Turai, aka gama a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. Ƙarfin tashar ya kai megawat 760 bayan an kammala girka injinanta. Tafkin da ya taru ya haɗiye tsohon garin Busa, ya ci gonaki da tsibiran masarautar Yawuri da ke cikin Jihar Kebbi ta yau, aka tashi mutane fiye da dubu arba'in, Gungawa da yawa a cikinsu.

Domin a fahimci abin da ya ɗaure Nijeriya da Nijar, sai an san cewa tafkin Kainji sau biyu yake samun cika a shekara. Ta farko ita ce wadda masana ruwa ke kira farar ambaliya, ruwan damina mai laka da ke gangarowa daga kwarin Rima da maƙwabtansa. Gulbin da ya wuce ta Argungu da Birnin Kebbi yana cikin masu kawo shi, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu ita ce baƙar ambaliya, ruwan da ya sauka a duwatsun Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana zubar da lakarsa, ya biyo ta Yamai ya iso Kainji cikin hunturu. Wannan ta biyu ita ke riƙe injinan a lokacin rani. Duk wanda ya datse Kwara a sama da Yamai ya taɓa wutar Ikko da Kaduna. Saboda haka dogaron ba ta gefe ɗaya yake ba. Nijeriya tana da injina, Nijar tana zaune a kan hanyar ruwan da ke juya su.

Yaƙin basasa da baƙon Argungu

Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 shi ne babbar jarrabawar Diori a siyasar waje. Dangantakar Ikko da Faris dama ba ta da daɗi, tun da Nijeriya ta kori jakadan Faransa a watan Janairu na 1961 saboda gwajin nukiliya a Sahara. Digol yana ganin Nijeriya ta yi girman da zai janye ƙananan ƙasashen rainon Faransa zuwa gare ta, ga kuma man fetur a yankin da ya ɓalle. A ƙarshen Yuli na 1968 gwamnatinsa ta fito fili ta nuna goyon baya ga Biyafara. Kwaddibuwa da Gabon sun riga sun amince da ita a matsayin ƙasa. Houphouët-Boigny ubangidan Diori ne a siyasa, Faransa kuma ita ke cike giɓin kasafin kuɗinsa. Duk da haka ya tsaya tare da gwamnatin tarayya.

Dalilansa a bayyane suke. Idan Nijeriya ta wargaje, hanyar Kano zuwa teku ta shiga haɗari. Fatake da malamai da sarakunan kudancin Nijar zuciyarsu tana tare da 'yan'uwansu na Arewa. Ƙasarsa ita ma haɗin gambiza ce ta Hausawa da Zabarmawa da Barebari da Fulani da Buzaye, in kuwa gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Yana cikin shugabanni shida na kwamitin da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa a Kinshasa a watan Satumba na 1967 domin rikicin, tare da Sarki Haile Selassie da Ahmadu Ahijo da Tubman da Mobutu da Janar Ankrah. A watan Yuli na 1968 Yamai ta karɓi zaman kwamitin, Janar Yakubu Gowon ya zo, Ojukwu ma ya zo. Ba a samu sulhu ba, amma Ikko ta riƙe wa Diori wannan tsayuwa.

Yaƙi ya ƙare a watan Janairu na 1970. A bikin kamun kifi na Argungu na wannan shekara, Gowon da Diori suka halarta tare, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Mera. Masu rubutu a kan bikin sukan ambaci wannan ziyara a matsayin lokacin da ya fara zama na ƙasa da ƙasa, su wuce. A ganina ta fi haka nauyi. Bikin kansa na sulhu ne, domin an faro shi a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan gabar ƙarni guda tsakanin Kabawa da daular Sakkwato. A cikin wancan dogon yaƙi, tun boren Yakubu Nabame na 1849, Zabarmawa da Arawa da Dendawa su ne abokan ƙawancen Kabi. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1898 da 1906 ce ta raba su gida biyu. Bazabarmen da ya zauna a bakin Matan Fada a 1970 ba baƙo ba ne a idon Kabawa, kuma da wuya a samu wurin da ya fi wannan dacewa da nuna wa duniya cewa ƙasashen biyu sun fito daga yaƙin hannu cikin hannu.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A watan Maris na 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, mazauninta a Yamai. A 1972, shekarar da aka haɗe hukumomin wuta na Nijeriya aka samar da NEPA, aka ƙulla yarjejeniyar sayar wa NIGELEC wutar Kainji. Tsarin shi ne babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 ya kawo wuta daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, a rage ta a nan, layi mai kilobolt 132 ya ɗauke ta ya ƙetare iyaka ya bi ta Dosso zuwa Yamai. Tashar ta Birnin Kebbi ita ce kuma ke ba Sakkwato da kewayenta, wato aikin da ya haska birnin Diori shi ya kawo babbar wuta kwarin Rima.

Jami'an Nijeriya sun sha bayyana cewa hikimar sayar wa Nijar wuta da sauƙi ita ce kada ta ga buƙatar datse kogin. Akwai kuma lissafin Gowon na jawo maƙwabta masu magana da Faransanci kusa da Ikko, lissafin da ya kai ga kafa ECOWAS a watan Mayu na 1975. Shi kuwa Diori ya samu wuta mai arha fiye da ta dizal, ba tare da ya ci bashin gina madatsa ba. A ma'aunin wancan lokaci dabara ce mai kyau. Rauninta shi ne an gina ta a kan zumuncin shugabanni biyu da zaton cewa zumuncin zai gaji kansa, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Farashin yuraniyom

A arewa labarin daban ne. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom daga Arlit a 1971. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa da kamfanonin Faransa su ke da rinjayen hannun jari, kason Nijar bai kai kwata ba. Mai saye shi ne mai haƙa, shi ne kuma mai yanka farashi. Gabrielle Hecht, a littafinta na 2012 a kan yuraniyom ɗin Afirka, ta nuna yadda Faransa take ɗaukarsa abu na musamman idan ana maganar tsaro, ta mayar da shi ma'adini kamar kowane idan an zo maganar kuɗi. Diori ya gane wannan, ya yi ta neman a ƙara wa ƙasarsa kaso. Ya kuma nemi abokai a wajen Faransa. Amurka ta ba da kuɗin gadar Kennedy da aka buɗe a Yamai a 1970, Kanada ta ɗauki nauyin Hanyar Haɗin Kai a gabas mai nisa. A tarurrukan Yamai na 1969 da 1970, inda aka haifi ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya ƙi bin Faris a kan yadda take son ɗaga lardin Kebek bisa gwamnatin Kanada. Wannan, haɗe da maganar Biyafara, ya rage masa masoya a fadar Faransa.

Sai yaƙin Larabawa da Isra'ila na watan Oktoba 1973 ya zo. Cikin wata uku farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala uku zuwa kusan goma sha biyu. Nijeriya, wadda ta shiga OPEC a 1971, ta wayi gari cikin daula. Nijar kuwa ta sha duka biyu, domin layin Birnin Kebbi bai kammala ba, kowace fitila a Yamai da kowace motar ɗaukar hatsin agaji da dizal mai tsada take aiki, ga fari da ya fara tun 1968 ya kai maƙura, dabbobi sun ƙare, makiyaya sun cika sansanonin bayan gari. A Faransa kuma, a watan Maris na 1974 firayim minista Pierre Messmer ya bayyana shirin mayar da wutar ƙasar kan nukiliya, za a fara da injina goma sha uku. Ma'adinin Arlit ya zama abin da tsaron makamashin Faransa zai rataya a kansa.

Diori ya ga dama. Ya haɗa kai da Umar Bongo na Gabon, wanda shi ma yake sayar wa Faransa yuraniyom, suka nemi a sake farashi. A watan Maris ɗin tawagar Faransa ƙarƙashin Yves Guéna ta zo Yamai. Hujjar Diori ita ce a auna yuraniyom da yawan man fetur ɗin da zai maye gurbinsa a tashar wuta, tun da man ya ninka huɗu. Da an karɓi wannan ma'auni, da kuɗin shigar Nijar ya ninka sau da yawa. Faransawa suka ƙi, aka ɗage zaman. Ranar 2 ga Afrilu shugaba Pompidu ya rasu, Faransa ta shiga hidimar zaɓe. Kafin a koma teburin, a daren 14 wayewar 15 ga Afrilu, 1974, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kunce suka kifar da gwamnati. An kashe uwargidansa Hajiya A'isha a fada a wannan dare, shi kuma aka kama shi.

Kusancin waɗannan ranaku ya sa mutane da yawa suka ɗauka Faransa ce ta kitsa juyin. Sojojinta suna Yamai, yarjejeniyar 1961 tana nan, ba su motsa ba. Sai dai binciken da van Walraven ya yi a takardun gwamnatin Faransa ya karkata ga cewa juyin ya zo wa Faris ba zato, har an yi tunanin kai ɗauki aka fasa. Dalilan cikin gida kuma sun isa su kayar da gwamnati ko babu hannun kowa. Ana karɓar haraji a hannun mutanen da yunwa ta gama da su. Hatsin agaji yana maƙale a rumbunan manya, an kuma same shi a gidajen wasu ministoci bayan juyin. Hafsoshi suna jin haushin yarjejeniyar tsaron da Diori ya ƙulla da Libiya a farkon shekarar ba da shawararsu ba. Ra'ayin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne ba yuraniyom ne ya kayar da shi ba, amma rigimar yuraniyom da ta Biyafara su suka sa ranar da ya faɗi babu wanda ya yi gaggawar tallabe shi. Kunce ma bai zama yaron Faransa ba, domin cikin 'yan makonni ya sallami sojojinta daga ƙasar.

Bayan faɗuwa

Abin da Diori ya shuka wasu suka girbe. Gwamnatin Kunce ta ɗaga kason Nijar a SOMAIR zuwa kashi 33 cikin ɗari, aka kafa kamfani na biyu, COMINAK, a 1974 da jarin Japan da Sifen, farashi ya hau, kuɗin yuraniyom ya gina manyan gine-ginen Yamai na ƙarshen shekarun 1970, kafin kasuwar ta faɗi a farkon shekarun 1980. A 1981 tashar kwal ta Anu Araren ta fara ba mahaƙan Arlit da birnin Agadas wuta. Wato ma'adinin da ake fitarwa waje ya samu tashar kansa daga kwal ɗin ƙasa, babban birni kuwa ya ci gaba da jiran Kainji. Layin Birnin Kebbi ya fara aiki a 1976, wanda ya nemo shi yana tsare. A 1994 aka ƙara wani daga Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram.

Madatsar Kandaji, wadda ake maganarta tun shekarun 1970 a arewa da Tilaberi, sai a 2008 aka aza harsashinta, da niyyar ta ba da megawat 130. Juyin mulkin 2023 ya same ta ba a gama ba, masu ba da rance kuma suka dakata. A watan Fabrairu na 2022 an ƙaddamar a Yamai da aikin sabon layi mai kilobolt 330 da zai haɗa Nijeriya da Nijar da Benin da Burkina Faso, shi ma daga Birnin Kebbi zai tashi. Kafin a kammala shi, Nijar da Burkina Faso da Mali suka bayyana ficewa daga ECOWAS a watan Janairu na 2024.

Shi kuwa Diori an tsare shi a Damagaram ba tare da an gurfanar da shi gaban kotu ba. A 1980 aka fito da shi daga kurkuku aka mayar da shi ɗaurin talala a Yamai. Bai samu cikakken 'yanci ba sai bayan rasuwar Kunce a watan Nuwamba na 1987, lokacin da Ali Saibou ya sake shi. Ya tafi Maroko, ya rasu a Rabat ranar 23 ga Afrilu, 1989, yana da shekara 72. Daga baya aka sa wa filin jirgin saman Yamai sunansa.